Wa ya jera, kuma da wane mudu ya auna? Yadda ake haɗa jerin finafinai da inda ake tafka kuskure

Idan aka ce jerin finafinai, abu biyu ake nufi, kuma yawancin musun da ake kwana ana yi a majalisa daga gwama su wuri guda yake tasowa. Akwai jerin ƙidaya: duk finafinan da wani jarumi ya fito a ciki, ko waɗanda wani darakta ya ba da umarni, shekara bi shekara. Shi wannan ana iya kama shi da kuskure ƙiri-ƙiri, don ko dai mutum ya fito a fim ko bai fito ba. Sai kuma jerin fifiko, irin su "finafinai 100 da suka fi kowanne" ko "gwarzayen shekara goma". Shi ba a ƙaryata shi. Abin da ake yi shi ne a tambayi su wa suka zaɓa, su nawa ne, kuma yaya aka ƙirga ƙuri'unsu. Duk jerin da ya ɓoye waɗannan amsoshi uku, ra'ayin mutum ɗaya ne aka sa wa lamba.

Jerin fifikon da masana suka fi girmamawa shi ne na mujallar Sight and Sound, wadda Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ke bugawa. Tun 1952 suke yinsa, sau ɗaya duk shekara goma. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: kowane mai ƙuri'a ya rubuto finafinai goma da yake ganin su ne mafi girma a tarihi, ba sai ya ce wannan ne na ɗaya wancan ne na goma ba, kuma duk fim ɗin da aka ambata ya samu ƙuri'a guda. Ba a faɗa wa kowa abin da ake nufi da "mafi girma", kowa ya fassara yadda ya ga dama. A 1952 fim ɗin Italiya, Bicycle Thieves, ne ya zo na ɗaya. Daga 1962 har 2002, zagaye biyar a jere, Citizen Kane ya riƙe kambun. A 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi.

To, a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. Mutum 846 ne suka kaɗa ƙuri'a a 2012. Vertigo ya samu 191, Citizen Kane ya samu 157. Wato "fim ɗin da ya fi kowanne a tarihi" bai samu ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe ba, kuma mutum 655 ba su ma sa shi a cikin gomansu ba. Haka wannan tsari yake aiki. Fim ɗin da mutane da yawa suka yarda ya shiga cikin goma shi ke cin zaɓe, ko da ba shi ne abin ƙaunar kowannensu na ƙarshe ba.

Abu na biyu da ke juya sakamako shi ne yawan masu zaɓen da irinsu. A 2002 masu sharhi 145 aka tambaya. A 2022 an kai 1,639, an shigo da masu kula da ma'ajiyar finafinai, da masu tsara bukukuwan fim, da malaman jami'a daga ƙasashe da dama. Sai ga fim ɗin Chantal Akerman 'yar Beljiyam, Jeanne Dielman na 1975, a matsayi na ɗaya, alhali a 2012 bai shiga cikin talatin na farko ba. Fim ne na minti 201 da ke bin wata mata tana feraye dankali, tana wanke-wanke, tana gyaran gado, kuma shi ne karo na farko da fim ɗin mace ya hau saman jerin. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma fim ɗin bai canza ba tun 1975, rumfar zaɓen ce ta faɗaɗa. A 2022 ɗin dai, daraktoci 480 da mujallar ta tambaya daban sun zaɓi 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick. Mujalla ɗaya, shekara ɗaya, tambaya ɗaya, gwarzaye biyu.

Akwai wata 'yar ƙa'ida da ba a cika lura da ita ba, ga shi kuwa ta shafi duk mai son jera finafinan Hausa. A 2002 an haɗa ƙuri'un The Godfather na ɗaya da na biyu a matsayin fim guda, suka zo na huɗu. A 2012 aka ce kowanne ya tsaya da ƙafarsa, ƙuri'u suka rabu, duka biyun suka faɗo daga cikin goman farko.

Sannan ba wanda ke zaɓen fim ɗin da bai taɓa gani ba. A ɗarin farko na 2022 akwai finafinai biyu na Senegal, Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da La Noire de... na Ousmane Sembène, kuma duka biyun sai da aka gyara tsofaffin kwafinsu aka sake yaɗa su, na farkon a 2008, na biyun a 2015. Indiya kuwa, duk da tulin finafinan da take fitarwa, guda ɗaya tak ta samu a ciki, Pather Panchali na Satyajit Ray. Wanda ya tashi da kallon Indiya a Kano ko Maraɗi zai ga wannan kamar zalunci, kuma yana da hujja, sai dai jerin yana nuna abin da masu zaɓen suka kalla ne. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, ya shafe shekaru ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Duk tsawon shekarun da yake kulle a ma'ajiya, babu jerin da zai iya shiga.

Jerin Cibiyar Finafinai ta Amurka na 1998 ba ya buƙatar dogon bayani. Finafinan Amurka kaɗai ne, kuma an fara tace guda 400 kafin a miƙa wa masu zaɓe sama da 1,500 su fitar da 100. Wanda ya tace ɗari huɗun nan ya riga ya yi rabin zaɓen.

Ƙuri'ar 'yan kallo

IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai wanda Col Needham ya fara a 1990 kuma Amazon ya saya a 1998, yana da jerin finafinai 250 da 'yan kallo suka fi ba maki. Mutane da yawa suna zaton ana tara maki ne a raba da yawan masu bayarwa. Ba haka ba ne. Da farko fim ba ya shiga sai ya samu ƙuri'a 25,000, kuma ƙuri'un waɗanda suka saba ba da maki a kai a kai kawai ake ƙirgawa. Na biyu, lissafin da shafin ya taɓa bayyanawa yana jan kowane fim zuwa ga matsakaicin maki na gaba ɗaya, wanda ke wajen 7.0. Kamar a ce kafin a fara ƙirga, an zuba wa kowane fim ƙuri'u 25,000 na maki 7.

Ga misali da lambobin da aka ƙirƙira don a ga yadda abin yake. Fim ya samu ƙuri'a 25,000 da matsakaicin maki 9.5. Idan aka haɗa da waɗancan 25,000 masu maki 7, sai ya dawo 8.25. Wani fim kuma ya samu ƙuri'a miliyan 1 da matsakaicin 8.8. Shi ƙuri'un da aka zuba ba su isa su girgiza shi ba, zai tsaya a 8.76. Mai 8.8 ya wuce mai 9.5. An yi haka ne da gangan don kada masoya 'yan kaɗan su ɗaga fim sama a mako guda, kuma dabara ce mai kyau. Illarta ita ce fim ɗin da masu kallonsa ba sa shiga IMDb ba shi da hanyar shiga jerin ko da miliyoyi sun kalle shi. The Shawshank Redemption na 1994 ke sama tun 2008, kuma ya hau ne a lokacin da masoya The Dark Knight da na The Godfather suke ta zabga wa juna maki 1.

Rotten Tomatoes kuma, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin finafinai, wani mudun ne daban, kuma shi aka fi karantawa a baibai. Lambar da yake nunawa kason masu sharhin da suka ce fim ya yi ne, ba makin ingancinsa ba. Idan masu sharhi 100 duk suka ce "ba laifi, shida cikin goma", fim na iya samun kashi 100. Idan 70 suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, 30 suka ƙi shi, kashi 70 zai samu. Don haka tsarin yana fifita fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba. Daga kashi 60 ake kiran fim mai kyau a wurinsu. A 2021 aka tono wani sharhin jarida mai shekara 80 da ya kushe Citizen Kane, aka shigar, fim ɗin ya sauko daga 100 zuwa 99. Wani shafin irinsa, Metacritic, yana mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100, sannan yana ba wasu jaridu nauyi fiye da wasu, amma bai taɓa bayyana nauyin ba.

Jerin kuɗi shi ne ake ɗauka ba ya ƙarya, tunda lamba ce. Amma lambar wace shekara? Avatar na 2009 ya tara kimanin dala biliyan 2.9. Avengers: Endgame ya wuce shi a 2019, sai aka sake haska Avatar a China a 2021 ya karɓe matsayinsa. Idan kuwa aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, Gone with the Wind na 1939 ake sawa a gaba. A Indiya sai ka duba ko adadin kafin cire haraji ne ko bayansa, ko na cikin gida ne ko har da na waje, ko na harshe ɗaya ne ko na duk harsunan da aka juya fim ɗin, kuma ka tuna kuror ɗaya rufi miliyan 10 ne. A Najeriya, A Tribe Called Judah na Funke Akindele ne fim ɗin gida na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima, a farkon 2024. Nasara ce, amma a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,400, kuɗin tikiti ma ya tashi. Jerin da aka yi da naira zalla dole sababbin finafinai su cika samansa. Yawan tikitin da aka sayar shi ne ma'aunin da ya fi adalci. Finafinan Hausa na zamanin kaset da sidi kuwa, cinikinsu a kasuwa aka yi shi, irin su Ƙofar Wambai, ba a ƙofar sinima ba, don haka wannan jeri bai ma san da su ba.

Idan za a yi zaɓen finafinan Hausa

Duk wanda zai shirya irin wannan zaɓe, mujalla ce ko gidan rediyo ko ƙungiya, ya rubuta ƙa'idojin kafin ya aika wa kowa takarda. Na ɗaya da na biyu fim guda ne ko biyu? A ganina guda ne, tunda yawanci tare aka ɗauke su, kasuwa ce ta raba. Finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, Labarina da Izzar So a ware musu jerinsu, don ba a gwada labarin awa biyu da na shekaru. Furodusa ko darakta ko jarumi ba zai zaɓi fim ɗin da yake da hannu a ciki ba. A raba masu zaɓe ta shekaru da gari da jinsi, don idan duk 'yan ƙasa da talatin ne, Sangaya da Wasila ba za su samu ƙuri'a ba, idan kuma duk dattawa ne, sai a ce ba a yi fim ba tun da aka daina kaset.

Batun ba da maki fa? Wasu suna cewa na ɗaya ya samu 10, na goma ya samu 1. Idan masu zaɓe ɗari ne ko fiye, ba matsala. Idan ashirin ne, akwai. Mutum ɗaya da ya sa fim ɗin abokinsa a sama ya ba shi maki 10, ya doke fim ɗin da mutum uku suka sa a na takwas, wanda ya tashi da 9. Da 'yan zaɓe kaɗan, gara ƙuri'a ɗaya ga kowane ambato, waɗanda suka yi kunnen doki a bar su a matsayi guda. A ƙarshe a buga takardar kowa da sunansa, kamar yadda Sight and Sound ke yi. Mutum yana shakkar yin son kai idan ya san za a gani.

Jerin finafinan jarumi

Wannan shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi aka fi yi da ka. Tambaya mafi sauƙi ma, "wane ne fim ɗinsa na farko?", tana da amsa fiye da ɗaya. Amitabh Bachchan ya fara bayyana a Saat Hindustani a 1969, amma kafin nan, a wannan shekarar dai, an ji muryarsa yana ba da labari a Bhuvan Shome. Shah Rukh Khan ana cewa Deewana na 1992, alhali tun 1989 yana fitowa a wasan talabijin na Fauji. Duk amsoshin daidai ne matuƙar an faɗi abin da ake ƙirgawa: murya, fuska, talabijin, ko sinima.

Shekara ma haka. Casablanca an fara haska shi a New York a Nuwamban 1942, ya shiga sauran sinimomi a Janairun 1943, shi ya sa za ka gan shi da shekaru biyu a littattafai. Kowane fim yana da aƙalla ranaku uku: lokacin da aka ɗauka, lokacin da hukuma ta tace, da lokacin da jama'a suka fara gani. Al'adar da aka fi bi ita ce ta ƙarshe. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai daga farkon jerin har ƙarshe. Suna kaɗai kuma ba ya raba fim da fim. Akwai Don na 1978 da na 2006, akwai Devdas na 1955 da na 2002 da wasu kafin su. Abin da ke tantance fim abu uku ne a haɗe: suna, shekara, darakta.

Idan aka zo Kannywood, duk waɗannan matsaloli suna nan, ga kuma nata na kanta. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, dubban finafinai sun fito a kaset da sidi ba tare da wani kundi guda da ya tattara su ba. Abin da ke IMDb da Wikipedia na yawancin jarumai guntu ne, kuma shafuka suna kwafar juna, kuskure ɗaya ya bazu wuri goma har ya zama kamar gaskiya.

Fara da tebur a kwamfuta ko waya, layi ɗaya ga kowane fim. Ginshiƙan da ba a yi ba tare da su ba: suna kamar yadda aka rubuta a cikin fim ɗin, sauran sunayen da aka san shi da su, shekarar fitowa, ta ina ya fito, kaset ko sidi ko sinima ko talabijin ko YouTube, kamfani, furodusa, darakta, sunan da jarumin ya fito da shi a labarin, girman rawar da ya taka, kashi nawa ne, sai madogara, wato inda ka samo bayanin. Wannan na ƙarshen shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ke raba aiki da shaci-faɗi. Bayan wata shida ba za ka tuna ko daga kwali ka kwafo shekarar ba ko wani ne ya faɗa maka.

Madogara kuma hawa-hawa ce. Mafi ƙarfi shi ne fim ɗin kansa, sunayen da ke fitowa a farko da ƙarshe. Sai kwalin kaset ko na sidi. Sai abin da aka buga a lokacin, kuma a nan tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da Tauraruwa, suna da daraja sosai, don tallace-tallace da sharhin da ke ciki suna da wata da shekara. Sai rajistar hukumomin tacewa, ta tarayya da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, amma ka tuna ranar tacewa suke bayarwa, fim na iya yin watanni bayan nan kafin ya shiga kasuwa. Rubuce-rubucen masu bincike irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suna taimakawa wajen daidaita shekarun farko. Abin da jarumi ya faɗa da bakinsa a hira yana ƙasa da waɗannan duka. Ba wai ƙarya yake ba. Mutumin da ya yi shekaru yana fita lokeshin uku a mako ba zai iya riƙe wanne ya riga wanne ba, kuma yakan tuna lokacin ɗauka ne, ba lokacin fitowa ba.

Ga inda ake faɗawa rami.

YouTube. Ranar da aka ɗora fim ba ita ce ranar fitowarsa ba. Ana ɗauko fim mai shekara goma sha biyar a canza masa suna, a liƙa masa "sabon fim" da shekarar bana, a haɗe na ɗaya da na biyu, a yanke sunayen farko da na ƙarshe. Mai haɗa jeri da bai kalla ba sai ya rubuta fim guda sau biyu da sunaye biyu da shekaru biyu. Maganin shi ne ka buɗe ka kalli minti biyar na farko da wani sin a tsakiya. Girman hoton ma shaida ne: hoto mai kusan murabba'i da dishi-dishin kaset ba na bana ba ne, haka nan irin wayar da ke hannun jarumi da lambar motar da ya shiga.

Fosta. Ana sa fuskar babban jarumi a gaba don kasuwa alhali sin biyu ya yi, wani lokaci ma a waƙa kawai ya fito. Shi ya sa ginshiƙin girman rawa yake da muhimmanci: jagoran fim, mai taimakawa, fitowa ta musamman, waƙa kawai. Akwai kuma finafinan da aka yi musu tirela aka buga fosta amma ba su taɓa fitowa ba. Su a ba su shafinsu daban, kada su shiga ƙidaya.

Rubutun suna. Kalmar ƙauna kaɗai za ka same ta a matsayin ƙauna, kauna, k'auna da qauna. "Da ni" wani ya haɗe ta ta zama "dani". Kwamfuta tana ɗaukar kowanne a matsayin fim daban, sai ka ga jeri ya kumbura ba dalili. Ka ware ginshiƙi guda na daidaitaccen rubutu da ƙa'idar Hausa, da shi za ka riƙa jerawa da nema, sauran siffofin ka ajiye su a gefe don wanda zai nema da su.

Sunayen mutane. Fati nawa ne a masana'antar, Maryam nawa? Fati Muhammad daban, Fati Washa daban, Fati Shu'uma daban. Wasu da sunan fim ɗin da ya fito da su ake kiransu, kamar Rukayya Dawayya da Sadiya Gyale, wanda ke nufin a finafinansu na farko-farko ba da wannan laƙabin aka rubuta su ba. IMDb yana raba masu suna ɗaya da lambobi, amma masu shigar da bayani sukan jingina fim ga wanda ba shi ba. Ka rubuta sunan yadda ya fito a allo, ka haɗa shi da cikakken sunan mutumin a wani shafi.

Sai babbar magana, adadi. Ana yawan jin "ya yi fim sama da 500". Yi lissafi: 500 a shekara 20 ya kama 25 a shekara, wato biyu a wata. A zamanin da ake gama ɗaukar fim cikin mako guda, wannan mai yiwuwa ne, musamman ga masu fitowa a matsayin uba ko uwa ko ɗan barkwanci, waɗanda ke iya gama nasu sin a yini ɗaya. Amma adadin yana ninkuwa idan aka ƙirga na ɗaya da na biyu da na uku daban-daban, ya kuma tashi sama idan aka ƙirga kowane kashi na fim mai dogon zango. Jarumin da ke cikin shiri mai ɗaruruwan kashi layi ɗaya zai samu, a rubuta shekarar farawa da ta ƙarewa, zango nawa, kashi nawa ya fito. Idan za ka ba da jimilla, ka faɗi yadda ka ƙirga a jikinta.

Kada a manta da waɗanda ba a gani. Waƙar da jarumi ke bin baki a fim wani ne ya rera ta a situdiyo, kuma sau da yawa waƙar ce ta sayar da fim ɗin. Jerin da ya bar mawaƙi da mai kiɗa da marubuci da edita ya bar rabin tarihin.

Finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, irin na Algaita da takwarorinsu, suna da nasu ruɗanin. Fim ɗin kudancin Indiya yana da sunansa na Telugu ko Tamil, a juya shi zuwa Hindi da wani suna, a kawo shi Hausa a raɗa masa na uku, wani lokaci kamfanoni biyu su fassara fim guda da sunaye biyu. Hanya mafi sauri ta gano asali ita ce takardar hukumar tace finafinai ta Indiya da ake nunawa a daƙiƙun farko, idan mai fassara bai yanke ta ba, don tana ɗauke da suna, harshe da kwanan wata. In an yanke, sai a bi ta jarumi da jaruma, a duba finafinan da suka yi tare, a gwada da waƙa guda. A jerin jarumin Indiya, shekarar asali ake sawa, sunan Hausa ya shiga ginshiƙin sauran sunaye.

Idan madogara biyu suka saɓa, kwali ya ce 2001 mujalla ta ce 2002, kada ka zaɓi ɗaya ka share ɗayar. Rubuta wadda ta fi ƙarfi a ginshiƙin shekara, ka ajiye ɗayar a bayanin gefe tare da inda ta fito. Sau da yawa za ka tarar an buga kwalin a ƙarshen shekara, fim ɗin kuma aka riƙe shi sai bikin sallah. Wanda kuwa ba ka samu komai a kansa ba sai faɗar mutane, sa masa alamar tambaya ka bar gurbin shekarar fayau. Kaset ɗin da aka samo daga tsohon shago kuma, kafin a sa shi a na'ura a duba ta tagar jikinsa: idan akwai farin ƙura-ƙura a kan zaren, fumfuna ce, za ta ɓata kan na'urar ta kuma shafa wa kaset na gaba. A fara ɗaukar hoton kwalin gaba da baya da gefe, da takardar da ke manne a jikin kaset ɗin, sannan a kai shi wurin mai gyara ya goge.